Gayyar Na'urori ta Iska: Tambayar Mallaka, Aro da Amana

Gayyar kwamfutoci tsari ne na haɗa na'urori masu yawa, waɗanda ba hannu ɗaya ya mallake su ba, su taru a kan aikin da ya fi ƙarfin kowacce ita kaɗai. Ana yanka aikin gunduwa-gunduwa, a miƙa wa kowace na'ura rabonta, ta lissafa ta mayar, sannan a harhaɗa amsoshin wuri guda. Kamar gayyar noma ce: gona ɗaya, fartanya da yawa, kowa kuma da gidan da zai koma da yamma. Ian Foster da Carl Kesselman, masana biyu da ke aiki a Amurka, su suka yayata tunanin a littafin da suka fitar a 1998. Babban misalinsa a yau shi ne gayyar da cibiyar binciken kimiyya ta CERN ke jagoranta, wadda ta haɗa cibiyoyin lissafi kusan 170 a ƙasashe sama da 40. Waɗannan duka manyan injina ne da ke girke a ɗakuna masu sanyi, kebul ya ɗaure su da juna, wuta ba ta yanke musu.

Gayya ta iska ita ce a ɗauki wannan tsari a ɗora shi a kan wayoyin hannu, da kwamfutocin tafi-da-gidanka, da ƙananan na'urorin awo, waɗanda ke magana da juna ta Wi-Fi ko Bluetooth ko ƙarfen sabis. Lee McKnight na Jami'ar Syracuse da abokan aikinsa sun yi rubutu a kanta a 2004, kuma har yanzu ta fi yawa a ɗakunan bincike a kan kasuwa, domin manyan kamfanoni masu rumbunan bayanai sun kwashe yawancin cinikin. Duk da haka tambayoyin da ta tayar ba su tsufa ba. A 2002 Foster ya kafa sharuɗɗa uku kafin a kira tsari gayya, na farkonsu kuwa shi ne kada na'urorin su kasance ƙarƙashin iko guda. Daga wannan sharaɗi ne maganar ta tsallaka daga fagen injiniya zuwa na fiƙihu. Idan ba mai iko guda, dole a san kayan wa ake amfani da su, da iznin wa, wa zai biya idan an yi ɓarna, kuma maganar wa za a gaskata.

A Abuja, abin da hukuma ta gina ya karkata ne ga tarawa wuri guda. An kafa Galaxy Backbone a 2006 domin ya riƙe wa ma'aikatun tarayya hanyoyin sadarwa da rumbun bayanai. A 2014 aka ƙaddamar da NgREN a ƙarƙashin kulawar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, ta fara da haɗa jami'o'in tarayya 27, kuma ita ce mafi kusa da gayyar kebul irin ta masu bincike. Ta ɓangaren iska kuwa, jama'a ne suka riga hukuma. Ɗalibi a Gwagwalada kan buɗe wa abokinsa Wi-Fi na wayarsa ya sauke takardar darasi. Masu tura fina-finai da karatun malamai a Kasuwar Wuse ko Nyanya kan aika gigabait da yawa daga na'ura zuwa na'ura ta Xender, ba tare da an taɓa data ba. Ba a kai ga raba lissafi ba tukuna, amma an riga an saba da aron sabis da aron ma'aji, kuma rigingimun da za su biyo baya iri ɗaya ne.

Tushen ginin shi ne iskar kanta, wato zangunan da saƙon rediyo ke bi. Ba su da iyaka a ido, amma suna cika, domin na'urori biyu da suka yi magana a zango ɗaya lokaci ɗaya kowacce na shaƙe muryar 'yar'uwarta. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, mai hedikwata a Maitama, ita ke raba wa kamfanonin waya zango. A gwanjon Janairun 2001 kowane lasisin GSM ya tashi a dala miliyan 285. A na Disamban 2021 MTN da Mafab suka ci zangon 5G, kowanne a kan dala miliyan 273.6. Mai karatun fiƙihu zai tuna hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya sa ruwa da ciyawar kiwo da wuta a cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu, sai ya tambaya ko iskar da ba wanda ya shuka ta ba ta fi cancantar shiga wannan sahu ba. Tambayar tana da ƙarfi, amma shari'a ba ta taɓa ɗaukar tarayya a matsayin kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Sayyidina Umar ya killace makiyaya a Rabaza domin dabbobin baitulmali. Malikawa sun sharɗanta iznin shugaba kafin a raya matacciyar ƙasa da ke kusa da gari, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da irin wannan ƙasa. Killacewa domin maslahar jama'a halas ce. Abin da ake bin shugaba shi ne kuɗin gwanjon ya koma ga masu haƙƙin, kuma a bar wa talaka filin da ba a killace ba.

Wannan fili yana nan. Zangon gigahaz 2.4 da na 5, inda Wi-Fi ke aiki, a nan mai ƙaramar na'ura ke shiga ba tare da ya je gwanjo ba, kuma a nan gayyar iska za ta fi zama. Dokar wurin ladabi ce da aka rubuta a cikin na'ura: ta saurara kafin ta yi magana, idan ta ji wata na magana ta dakata na ɗan lokaci. Amma ladabin yana da makafin wurare. Na'urori biyu da tudu ko bene ya shiga tsakaninsu ba sa jin juna, sai su yi ta magana a tare, ta ukun da ke tsakiya ta kasa fahimtar ko ɗaya. Gari mai duwatsu da kwaruruka irin Abuja, daga tudun Mpape zuwa gangaren Asokoro, wuri ne da irin wannan kan yawaita. Ga kuma abin da Gupta da Kumar suka nuna da lissafi a 2000: a tsarin da kowace na'ura ke miƙa saƙon wasu, idan yawansu ya ninka sau huɗu, rabon kowacce kan ragu da kusan rabi. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, a nan ta sauko ta zama lambobi: ƙarfin da eriya za ta fitar, da tsawon lokacin da na'ura za ta riƙe zango. Wanda ya ƙara wa eriyarsa ƙarfi fiye da kima ya shiga haƙƙin maƙwabci, ko da maƙwabcin bai san dalilin da sabis ɗinsa ya lalace ba.

Tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce ta rara. Gayyar kwamfutoci ta ginu ne a kan zaton cewa na'ura tana da ƙarfin da take zubarwa a banza. A kan haka SETI@home ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta tara miliyoyin masu sa kai da kwamfutocinsu daga 1999, haka ma Folding@home da ta fara a Stanford a 2000, wadda a lokacin annobar korona ta 2020 haɗaɗɗen ƙarfinta ya zarce na kowace babbar kwamfuta guda a duniya. Musulunci ya yi magana mai yawa a kan rara. Imamu Muslim ya ruwaito hani a kan sayar da rarar ruwa, da umarnin mai rarar abin hawa ya taimaki wanda ba shi da shi. Suratul Ma'un ta zargi masu hana ɗan abin amfanin da maƙwabta ke ara. Sai dai malamai ba su mayar da kowace rara wajibi ba. Malik ya bambanta rijiyar da mutum ya haƙa a gidansa da wadda aka haƙa a daji domin dabbobi, ya kuma ɗauki hadisin barin maƙwabci ya kafa azara a katanga a matsayin abin so, yayin da Ahmad ɗan Hambali ya gan shi wajibi.

Wayar hannu ba ta da rara irin ta kwamfutar ofis. Kowane lissafi da ta yi daga batir yake fita, kowane saƙo daga data. Lokacin da BOINC, manhajar da ke rarraba irin waɗannan ayyuka, ta shiga wayoyin Android a 2013, an saita ta ne kada ta yi aiki sai waya tana jone da caji, batir ya kusa cika, kuma tana kan Wi-Fi. Saitin adalci ne, amma an auna shi da gidan da wuta ba ta ɗaukewa. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane kilowat na awa ɗaya, bisa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana. Mazaunin Maitama da ke wannan rukuni, ko mai sola a rufin gida, wayarsa kan kwana a caji, da gaske yana da rara. Lebura a Karu ko Dei-Dei kuwa rumfar mai caji yake kai tasa: allon katako da aka jera wa soket birjik, ƙaramin janareto na kuka a gefe, a manna wa waya lamba a miƙa masa irinta, ya biya ya dawo bayan awa biyu. Kowane kashi na batirinsa saye ne. Tsarin da ya raba aiki daidai wa daida tsakanin waɗannan biyu ya zalunci ɗaya. Wanda kuma ya ce sai mai ba da gudummawa ne kaɗai zai amfana, ya rufe ƙofa ga wanda ya fi buƙata. Saboda haka injiniyan da ke rubuta yadda za a raba aiki hukunci yake yankewa tsakanin mutane, ko ya sani ko bai sani ba.

Idan aka ɗauki ƙarfin na'ura ba da izni ba, babu dogon bincike, ƙwace ne. Hakan ya faru a fili tsakanin 2017 da 2019, lokacin da aka riƙa cusa manhajar Coinhive a shafukan intanet tana haƙar kuɗin kirifto da na'urorin masu ziyara. Iznin da aka binne a shafi na goma na sharuɗɗan da ba mai karantawa, da wuya a kira shi yardar da Alƙur'ani ya sharɗanta a ciniki.

Inda akwai izni, sai a tambayi sunan ƙullin. Abin da ake miƙawa ba wayar ba ce, amfaninta ne, kuma mafi yawan malamai, har da Malikawa, suna ɗaukar amfani a matsayin dukiya. Idan kyauta ne, aro ke nan. Idan da lada, ko dai haya ce ko ji'ala. Haya na buƙatar sanannen lokaci ko sanannen aiki, ga shi kuwa wayar da ke aljihun fasinja a motar Kubwa zuwa Berger tana iya fita daga zango kafin ta gama rabonta, ko kira ya shigo, ko batir ya mutu. Wannan rashin tabbas shi ne gararin da ke ɓata ciniki. Ji'ala ta fi dacewa, domin a cikinta ba a yanka wa'adi, kuma ba a biya sai aiki ya kammala, kamar yadda Risalar Ibnu Abi Zaid ta bayyana. Amma tana da nata ciwon: wanda ya ƙona rabin batirinsa sannan sabis ya yanke ya tashi a tutar babu. Maganin da masu gini suka samo shi ne a ƙanƙanta gunduwar aiki, a kuma riƙa adana inda aka tsaya lokaci-lokaci, ta yadda wata na'ura za ta ɗora daga nan. Dabarar an ƙirƙire ta ne don kada lissafi ya salwanta, sai ga shi ita ce ke ba da damar a biya kowa gwargwadon abin da ya yi.

Akwai ƙofa ta huɗu da mazhabar Malikiyya ta buɗe fiye da sauran. Ta halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci, da waƙafin abin da ake ɗauka a hannu, har da waƙafin amfani ba tare da asalin abin ba. A bisa wannan, makaranta ko masallaci mai sola na iya tsayar da awannin dare na kwamfutocinsa domin binciken cuta ko hasashen damina, na shekara guda, ba tare da ya rabu da su ba. Al-Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya bambanta wanda aka mallaka wa amfani, da zai iya miƙa shi ga wani, da wanda aka yi wa iznin ya amfana shi kaɗai. Tsarin da ke karɓar ƙarfin na'ura da sunan taimako sannan ya sayar wa kamfani ya tsallake wannan iyaka.

Sai batun gaskiyar amsa. Na'urar da aka ba aiki tana iya yin kuskure, mai ita kuma yana iya yin ƙarya. SETI@home ta gamu da masu aiko da amsar bogi don kawai sunansu ya hau saman jerin maki, alhali ba ko sisi a ciki. Binciken Adar da Huberman na 2000 ya gano kusan kashi 70 cikin 100 na masu amfani da Gnutella, wani tsarin musayar fayil, ba sa ba da komai, ɗiba kawai suke yi. Mafitar injiniyoyi ita ce maimaici: a ba na'urori da dama aiki ɗaya, a karɓi abin da suka haɗu a kai. Lamport da Shostak da Pease sun tabbatar a 1982 cewa, a yanayin da ba a iya tantance sa hannu, ba za a cimma matsaya ba sai masu gaskiya sun haura kashi biyu cikin uku. Wannan ya yi kama da tawaturi a ilmin hadisi, wato labarin da jama'a masu yawa suka kawo har ya zama ba zai yiwu sun haɗa baki ba. Malaman usul sun san cewa ƙarfin tawaturi ba a adadi kaɗai yake ba, yana cikin rashin yiwuwar haɗa bakin. A iska kuwa mutum ɗaya na iya fitowa da sunaye dubu. John Douceur ya nuna a 2002 cewa ba a iya toshe wannan ƙofa gaba ɗaya sai da wata hukuma da kowa ya amince ta tantance waye waye. A Najeriya haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wanda aka tsananta tun Disamban 2020, irin wannan aiki yake yi. Tsarin da aka gina don guje wa iko guda sai ya koma yana neman mai iko ya yi masa shaida.

A nan hanyoyi biyu na neman gaskiya suka rabu. Malaman hadisi da alƙalai sun dogara ga sanin mutum: adalcinsa, da kiyayewarsa, da abin da waɗanda suka zauna da shi suka faɗa. Injiniya ya fara ne daga zaton cewa ba a san kowa ba, sai ya maye gurbin sani da ƙidaya. Ƙidayar tana da tsada, domin aikin da za a yi sau ɗaya ana yin sa sau uku, da batir uku. Ba ta kuma kawar da amana ba, ta matsar da ita ne zuwa ga wanda ya rubuta manhajar, mutumin da mai waya bai taɓa gani ba. Shi ya sa ƙananan hanyoyin sadarwa na al'umma suka fi ɗorewa inda mutane suka san juna, kamar guifi.net a yankin Kataloniya na Sifen tun 2004, ko wadda Gidauniyar Fantsuam ta kafa a Kafanchan. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa dukiyar tarayya kan tsira idan an san iyakar masu haƙƙi, ana sa ido, kuma hukunci yana hawa daki-daki.

Bayanan da ake aikawa su ma amana ne. Wanda aka ba ajiya ba ya biya sai ya yi sakaci, amma Malikawa sun ɗora wa masu sana'a, irin su maɗinki da marini, lamunin kayan da suka ɓace a hannunsu, don kada dukiyar mutane ta tozarta. Wayar da ba a san mai ita ba, ba a iya kai ta gaban alƙali. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhaki a kan wanda ya tara bayanan, don haka asibitin da ya watsa sakamakon gwajin marasa lafiya ga wayoyin baƙi ba zai fake da gayya ba. Akwai hanyar yin lissafi a kan bayanai suna kulle, wadda Craig Gentry ya nuna yiwuwarta a 2009, sai dai nauyinta ya fi abin da ƙaramar waya za ta ɗauka cikin sauƙi. Kullewar kuma tana da wata fuska: mai wayar ba ya ganin abin da ake lissafawa da kayansa. Zai iya zama maganin zazzaɓin cizon sauro, zai iya zama fasa kalmar sirrin wani. Malaman da suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa sun rataya hukuncin ne a kan sani ko rinjayen zato. Wanda aka yaudara ba shi da laifi, amma wanda ya ƙi tambaya don kada ya sani bai kuɓuta ba. Haƙƙin mai na'ura ne a gaya masa wa ke ba da aikin da abin da ake nufi da shi, kuma a bar masa maɓallin ƙi.

Matsala ta ƙarshe ita ce yankewa. Eric Brewer ya gabatar a 2000, Gilbert da Lynch suka tabbatar a 2002, cewa idan hanya ta yanke tsakanin ɓangarori biyu na tsari, dole a zaɓi ɗaya: ko kowane ɓangare ya tsaya cik har a sake haɗuwa, ko ya ci gaba da abin da ya sani, ko da ya saɓa da ɗayan. A kebul yankewa haɗari ne na lokaci-lokaci, kamar na 14 ga Maris 2024, ranar da manyan kebul na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da harkar banki suka tangaɗa. A iska kuwa yankewa ita ce al'ada. Fiƙihu ya san wannan yanayi. Mutanen Ƙuba suna cikin sallar asuba suna fuskantar Baitul Maƙdis lokacin da mutum ɗaya ya zo musu da labarin sauya alƙibla, suka juya a cikin sallar, ba a kuma umarce su da rama abin da ya wuce ba. Daga nan malamai da yawa suka fahimci cewa hukunci ba ya hawa kan mutum sai ya isa gare shi. Ga aikin da kuskurensa ke gyaruwa, kamar tattara awon ruwan sama daga gonakin Kwali da Abaji, wannan ita ce hanya: kowace na'ura ta ci gaba, a daidaita idan an haɗu. Ga abin da ya shafi kuɗi kuwa, inda za a iya kashe naira ɗaya sau biyu a ɓangarori biyu da ba sa jin juna, jira ya fi, kuma sai an rubuta tun farko wanda zai ɗauki asarar idan jiran ya yi tsawo.